Wuƙa Mai Naɗewa ta Arha: A Ina Ingancinta Yake?

Wace irin wuƙa ake nufi?

Wadda ake naɗewa a jefa aljihu, amma bakinta reza ce da ake cirewa a sa sabuwa idan ta dakushe. Za ka gan ta a hannun masu wayarin suna feɗe waya, da masu shimfiɗa kafet da leda, da yaran kanti masu farke kwalaye. Rezar kusan girma ɗaya ce a ko'ina: tsawonta wajen santimita 6, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, da 'yan giɓi a samanta inda gidan wuƙar ke kama ta. Ba ita ce doguwar rezar nan da ake karya bakinta gaɓa-gaɓa ba, wadda Yoshio Okada, wanda ya kafa kamfanin Olfa, ya ƙirƙiro a Japan a 1956.

Idan rezar ɗaya ce, me ya raba mai tsada da mai arha?

Gidan. Reza abar yarwa ce, yau ka sa gobe ka cire. Abin da kake biyan kuɗinsa shi ne wurare uku: gaɓar da wuƙar ke juyawa a kanta, makullin da ke hana ta rufewa, da ɗan harshen da ke riƙe rezar. Yawancin na arha daga Sin ake kawo su, kuma birnin Yangjiang na lardin Guangdong ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da almakashi. Sai dai "ɗan Chana" ba hukunci ba ne, domin a can ake ƙera mai kyau da marar kyau. Bambancin yana ga abin da mai oda ya yarda ya biya.

Ashe ba mai nauyi ce mai ƙarko ba?

Nan mutane da yawa ke faɗawa. Mai saye ya ɗaga wuƙa, ya ji ta cika hannu, ya ce wannan ƙarfe ne na gaske. Alhali galibin masu nauyin nan zubi ne na gaurayen tutiya, wanda ya ninka alminiyom nauyi fiye da sau biyu, ga sauƙin zubawa a masana'anta. Aibinsa shi ne ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ta faɗo daga kan tsani bisa siminti, sai ka ga kunnen da ke riƙe da gaɓar ya ɓalle, cikinsa toka-toka kamar fasasshen dutse, kuma mai walda ba zai iya maka komai ba. Maganaɗisu zai taimaka: ba ya kama tutiya ko alminiyom, yana kama ƙarfe. Mariƙin yana iya zama alminiyom ko ma roba mai tauri, babu laifi. Amma makulli da abin da ke ɗauke da reza, gara su zama ƙarfe.

A ina take fara lalacewa?

A harshen da ke riƙe reza, kuma nan ne na fi jin tsoro. Yawancinsu suna da ɗan maɓalli da ake dannawa a zare reza. A masu arha, sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa ba shi da ƙarfi, haƙorin da ke shiga giɓin rezar kuma gajere ne. Na taɓa jan irin wannan a kan kwali mai kauri, yatsana ya ɗan taɓa maɓallin ban sani ba. Gidan ya taho a hannuna, rezar ta maƙale a jikin kwalin, bakinta a waje, daidai inda hannuna na hagu yake dafe. Allah ne ya kiyaye. Tun ranar, kafin in kalli fenti ko suna, maɓallin nake dubawa: yana lotse a ciki ne, ko ya turo kai waje inda babban yatsa ke sauka?

Sai makulli. Wasu faranti ne siriri a cikin mariƙi da ke zamewa ya tokare gindin wuƙar, tsarin da Ba'amurke Michael Walker ya inganta a 1980. Wasu a baya makullin yake, ana danna shi kafin a naɗe. Duka biyun suna aiki idan an yanka su daidai. Matsalar ita ce idan farantin bai fi gwangwanin madara kauri ba, ko kuma gefensa kawai ya ɗan laso gindin. Irin wannan, ka matsa da ƙarfi sai ta rufe a kan yatsunka.

Gaɓar kuma a hankali take mutuwa. Yau ta ɗan yi rawa, bayan wata ɗaya tana kaɗa kai hagu da dama, yankanka ya daina tafiya kan layi.

Yaya zan gwada ta a gaban mai shago?

Ka ce masa, "Alhaji, a ba ni in duba," kada ka ji nauyi. Ka cire rezar tukuna. Buɗe wuƙar ka saurara ko makullin zai ce ƙas. Kama kan ka girgiza gefe da gefe, sannan sama da ƙasa. Rawar sama da ƙasa ta fi muni, don alamar makulli ce. Danna bayanta da tafin hannu, yatsunka nesa da hanyar rufewa, ka ga ko za ta saki. Daga nan ka mayar da rezar, ka kama ta da filaya ka ja ba tare da ka taɓa maɓalli ba. Ta fito, ajiye masa kayansa. Kuma wadda ka gwada ita za ka ɗauka, domin a kwali ɗaya ana samun mai kyau da gurguwa.

Rezar da ke zuwa a ciki fa?

Sau da yawa ita ce mafi rauni. Ka sayi fakiti daban. Masu rubutun SK5 ƙarfe ne mai kaifi, amma yana tsatsa, don haka da damina ka shafa masa ɗan mai. Reza mai dakushi ta fi yanka mai ita, saboda sai ya danna da ƙarfi. Bakinta biyu ne, in ɗaya ya mutu ka juya ɗayan. Tsohuwar kuma a tara a gwangwani mai murfi, kada a watsar inda yara da masu tsintar bola ke sa hannu.

In ta fara rawa, ana gyarawa?

Ya danganta da yadda aka haɗa ta. In noti ne a gaɓar, a ɗaure shi kaɗan, a busa ƙurar hunturu da ta cushe ciki, a ɗiga man keken ɗinki, sai ta dawo hayyacinta. In kusa ce aka dandaƙe kanta, sai dai a ɗan buga da guduma, kuma ba ya daɗewa. Amma makullin da ya taɓa saki sau ɗaya, ko harshen da ya fara zubar da reza, ni ba na gyara su. Nakan cire rezar da ragowar notocin in ajiye, gidan kuma in ba masu gwangwan.