Koya wa yaro mai ekzima zaman fo

Koya wa yaro mai ekzima zaman fo shi ne raba shi da famfas ko nafkin, a saba masa yin fitsari da kashi a fo ko a banɗaki, ba tare da an tayar masa da ciwon fatarsa ba. Ekzima cuta ce ta bushewar fata da ƙaiƙayi, takan lafa ta kuma taso, ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani. A wasu ƙasashe tana kama kusan yaro 1 cikin 5, galibi kafin shekara 5. A baƙar fata ba lallai ta yi ja ba. Wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kaushi.

Abin da famfas ke ɓoyewa

Sau da yawa ekzima takan bar wurin da famfas ya rufe lafiya lau, alhali kumatu da lungun gwiwa da na gwiwar hannu duk sun ɓaci. Dalili shi ne danshin da famfas ke riƙewa yana hana fatar bushewa. Ana cire shi, sai ɗuwawu da cinyoyi su haɗu da iska, da gogar robar kamfai, da bakin fo, ga kuma hannun yaron ya samu hanyar susa. Shi ya sa iyaye kan ga ƙuraje sun ɓullo a inda ba su taɓa fitowa ba, su zaci wata sabuwar cuta ce. Abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da ko mai lafiyar fata ma yakan yi furu-furu.

Fitsarin da ya kuɓuce wa yaro shi ma yana da nasa. In ya daɗe a wando, ƙwayoyin cuta kan mayar da wani ɓangarensa sinadarin amoniya, wanda ke cin fata. A fatar da susa ta tsaga, raɗaɗi yake kamar an zuba barkono. Yaron da ya ji haka yakan fara riƙe fitsari da kashi, kashin ya yi tauri, zaman fo ya zama abin tsoro.

Lokacin farawa

Tsarin jiran yaro ya nuna ya shirya, wanda likitan yara na Amurka T. Berry Brazelton ya bayyana a 1962, shi ya fi dacewa a nan. Alamun sukan bayyana daga wata 18 zuwa sama: ya yi awa 2 bai jiƙe ba, ya iya sauke wandonsa, ya riƙa cewa “Mama, kashi”. In ciwon ya taso, a dakata har ya lafa.

Tsarki da mai

Tsarki da ruwa a buta ya fi goga da takarda sauƙi ga irin wannan fata, kuma ba a bukatar sabulu kowane lokaci. Jiƙaƙƙen ƙyallen goge jarirai da ake sayarwa yakan ƙunshi turare da sinadaran hana lalacewa. Ɗaya daga cikinsu, methylisothiazolinone, Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa da ba a wankewa tun 2017. Bayan tsarki a daddanna tawul mai laushi, kada a goga, sannan a shafa mai marar turare kamar Vaseline ko man kaɗanya tun fatar na da ɗan danshi. Hannuwa ma haka, domin yawan wanke su da sabulu yana busar da su. Kamfai ya zama na auduga, sakakke, a ɗauraye shi sosai daga omo, a kuma yanke wa yaro farce.

Akwai wani kumburi da ke fitowa zagaye a ɗuwawu da bayan cinya, daidai inda jiki ya taɓa mazaunin masai ko fo. Yawanci ragowar maganin wanke banɗaki ne ke jawo shi, don haka a ɗauraye fo da ruwa sosai, kuma kada yaro ya wuce 'yan mintoci a kai.

Magani

Fatar gaba da matsematsi siririya ce, tana saurin tsotse magani, musamman in famfas ɗin dare ya rufe ta. Likitoci kan ba da maganin shafawa mai sauƙi na rukunin sitiroyid, wato magungunan rage kumburi da ƙaiƙayi, irin haidirokotizon 1%, na 'yan kwanaki. Kirim mai haɗi uku da ake saya a kemis ba da takardar likita ba yakan ƙunshi sitiroyid mai ƙarfi, bai dace da wurin ba. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba matsala ba ce. Amma in fatar ta fara ruwa, ko ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙananan marurai masu ciwo tare da zazzaɓi, a kai yaro asibiti a ranar.