Dukiyar zamba a koyarwar Littafi Mai Tsarki

Dukiyar zamba, a koyarwar Littafi Mai Tsarki, ita ce duk abin da mutum ya tara ta hanyar tauye mudu, algus, cin hanci, ƙarya ko danne haƙƙin ma'aikaci. Littafin bai haramta arziki ba, domin Ibrahim da Ayuba masu dukiya ne. Hanyar samu ce yake tuhuma.

Attaura da annabawa

Dokar awo tana cikin Littafin Firistoci 19:35-36 da Maimaitawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana ajiye ma'auni biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, wanda ake kyautata zaton ya yi annabci a tsakiyar ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, shi ya fi zafafawa. A sura ta 8 ya kwatanta 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce don su rage mudu, su tsawwala farashi, su haɗa da sharar alkama su sayar wa talaka. Duk wanda ya taɓa auno gero a kasuwar Sakkwato ya tarar an doke gindin tiya ya san abin da annabin yake nufi. Irmiya 17:11 kuwa ya kamanta mai irin wannan dukiya da makwarwa da ke kwanci kan ƙwan da ba ita ta saka ba: a tsakiyar rayuwarsa dukiyar za ta rabu da shi.

Karin Magana 20:17 ta ce abincin zamba yana da daɗi, amma daga baya baki yakan cika da tsakuwa.

Labarai

Wani Ba'isra'ile mai suna Akan ya ɓoye riga mai tsada, azurfa shekel 200 (shekel ma'aunin nauyi ne) da zinariya mai nauyin shekel 50 daga ganimar Yariko. Saboda haka aka ci Isra'ila da yaƙi a garin Ai, shi kuma aka jefe shi a kwarin Akor (Yoshuwa 7). Gehazi, baran Annabi Elisha, ya bi Na'aman, kuturun da Elisha ya warkar, da ƙarya ya karɓo azurfa talanti 2 (talanti babban ma'aunin nauyi ne) da tufafi, sai kuturtar Na'aman ta koma kansa. Sarki Ahab ya mallaki gonar inabin Nabot bayan matarsa Yezebel ta shirya shaidun zur a kan Nabot aka kashe shi. A labarin Akan da na Ahab, hukuncin bai tsaya kan mai laifin kaɗai ba, har gidansa ya shafa.

Sabon Alkawari

Hananiya da matarsa Safiratu, cikin Kiristocin farko, sun faɗi matattu saboda ƙarya kan kuɗin fili. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya cuta ninki 4 (Luka 19). A nan tuba tana tafiya ne tare da mayar da haƙƙi.

Masana sun saɓa kan misalin wakili marar gaskiya a Luka 16, haka ma kan ko hanin kuɗin ruwa da ke cikin Attaura ya shafi bankunan zamani.

A Sakkwato

Kiristoci tsiraru ne a Sakkwato, kuma masu ibada da Hausa suna karanta waɗannan ayoyi cikin fassarar da ta fara fitowa cikakkiya a 1932, aka sabunta ta daga baya. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke jagorantar Katolikan Sakkwato tun 2011, yakan taɓo cin hanci a saƙonninsa na Kirsimeti da Ista. Maƙwabtansu Musulmi sun san irin wannan gargaɗi daga Suratul Muɗaffifin.