Mathura da addinin Jain: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tambayoyi iri ɗaya ake ta aiko mini a kan wannan gari na ƙasar Indiya. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ai Mathura garin Krishna ne, me ya haɗa shi da Jain?

Garin Krishna ne a wajen 'yan Hindu masu bauta masa, ba wanda ya musa. Amma shekara dubu biyu da suka wuce, 'yan Jain da 'yan Buddha su ma suna da manyan wuraren ibada a cikinsa.

Jain ba reshen addinin Buddha ba ne?

A'a. Wannan tambayar ita ta fi gajiyar da ni. Wasu malaman Turai na ƙarni na 19 sun yi wannan zato, kuma tsofaffin duwatsu masu rubutu da aka tono a Mathura na cikin abin da ya kashe maganar. Wani masani Bajamushe, Georg Bühler, ya karanta sunayen silsilar malaman Jain da aka sassaƙa a jikinsu, ya gwada da jerin da ke cikin littafinsu Kalpa Sutra, ya tarar sun yi daidai. Addini ne mai zaman kansa, da jagorori 24 da suke kira Tirthankara. Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha, shi ne na ƙarshensu.

Ina garin yake?

Jihar Uttar Pradesh, bakin kogin Yamuna, tsakanin Delhi da Agra.

Sarakuna ne suka sa aka sassaƙa duwatsun?

Wannan ce tambayar da na so a riƙa yi, ba a yi. Yawancin rubutun suna ɗauke da shekarun sarakunan Kushan, daular da ta mulki yankin a lokacin, irin su Kanishka da Huvishka da Vasudeva, amma masu biyan kuɗin mutanen gari ne: 'yan kasuwa, maƙera, masu sayar da turare, kuma da yawansu mata. Mace takan rubuta sunanta, da na mijinta, da na surukarta, da na malamin da ya ba ta shawarar yin sadakar. Shi ya sa muka san su har yau.

Mene ne Kankali Tila?

Tudun kufai ne a cikin garin. Wani Bajamushe mai binciken kayan tarihi, Alois Führer, ya haƙa shi daga 1888 zuwa 1891, aka tono harsashin stupa ta Jain, wato ginin ibada mai kama da kifaffiyar ƙwarya, da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe.

Ba Führer ɗin nan ne aka kama da ƙarya ba?

Shi ne, ya bar aikinsa a 1898 saboda ƙirƙirar shaidu. Kwantar da hankalinka. Wani masani, Heinrich Lüders, ya sake bin rubutun daga baya, ya ware na jabu.

Idan na je, me zan gani, kuma yaya zan gane mutum-mutumin Jain daga na Buddha?

To, nan sai a yi haƙuri, amsar ta danganta da abin da kake nema. Idan tudun kansa kake so, ka rage buri, don an kwashe kusan komai. Mafi yawan abin da Führer ya tono yana gidan tarihi na Lucknow. Gidan tarihin Mathura, wanda F. S. Growse ya kafa a 1874, yana da nasa kaso mai kyau, kuma ga wanda ya taso daga Delhi zuwa kallon Taj Mahal, a kan hanya yake. Ka tambayi ranar hutunsu kafin ka tashi. Idan kuwa ibadar yau kake son gani, sai wurin ibadar Chaurasi, inda 'yan Jain suka yi imani Jambuswami, ɗaya daga manyan malamansu na farko bayan Mahavira, ya kai ga tsira. Ka cire takalmi, ka ajiye bel da walat na fata a waje, don mutane ne da ba su yarda da kashe ko ƙwaro ba.

Batun ganewa kuma, kada launin dutse ya ruɗe ka: jan dutse mai ɗigo-ɗigo iri ɗaya aka yi amfani da shi wa kowa. Buddha yana da mayafi, su kuwa Tirthankara na Mathura tsirara suke, galibi da wata alama a tsakiyar ƙirji mai suna shrivatsa. Na ce galibi, domin dutse kan lalace, wani ma kai kaɗai ya rage. Kawunan macizai a saman kai yawanci Parshvanatha ne, Tirthankara na 23, amma a Mathura akwai kuma gumakan macizai masu irin wannan rumfa, sai ka duba tsayuwa da tufafi. Gashi zube a kafaɗa, Rishabhanatha, na farkonsu. Sauran sukan yi kama da juna ƙwarai, sai rubutun gindi ke raba su. Idan ka kasa, karanta allon bayani, ba abin kunya ba ne.

Mahmud na Ghazni ne ya ƙarar da su a garin?

Wannan sarki daga ƙasar da yanzu ake kira Afghanistan ya washe Mathura a 1018, gaskiya ne. Amma a Kankali Tila an samu mutum-mutumin Jain mai shekarar 1023, da wani mai 1077, wato bayan harin ma suna nan.