Waiwaye: Yadda Aka Shata Iyakar Ciwon Dajin Da Ba Kasafai Ake Gani Ba

Kafin 1983, kamfanonin harhaɗa magunguna ba su cika waiwayar cutar da masu fama da ita ba su da yawa ba. Gwajin magani yana cin dukiya, masu saye kuma 'yan ƙalilan ne, shi ya sa ake kiran irin waɗannan magunguna marayu. A shekarar ce Amurka ta kafa doka: duk kamfanin da ya samar da irin wannan magani zai yi shekara 7 yana sayarwa shi kaɗai, ga rangwamen haraji. A 1984 aka sa iyaka, wato cutar da masu ita ba su kai 200,000 a ƙasar ba. Japan ta bi sahu a 1993, Tarayyar Turai kuma a 2000, da wa'adin shekara 10.

Sai dai wannan ma'auni masu rai yake ƙirgawa, kuma ga ciwon daji yana ruɗarwa. Dajin da ke kisa da wuri sai a ga kamar ba shi da yawa, alhali masu shi ne ba sa daɗewa. Don haka masu binciken RARECARE, wani shirin nazarin irin wannan ciwon daji a Turai, suka koma ƙirga sababbin kamuwa: ƙasa da mutum 6 cikin 100,000 a shekara. Cibiyar ciwon daji ta Amurka ta tsaya kan 15 cikin 100,000. Abin da RARECARE ta fitar a 2011 ya isa ya tada hankali: iri 186 na dajin da ba kasafai ake gani ba, waɗanda in aka haɗa su sun kai kashi 22 cikin ɗari na ciwon daji a Turai, kuma kashi 47 ne kawai na masu su ke kai shekara biyar da rai bayan gano cutar, saɓanin 65 a sauran.

Dokokin sun yi rana. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001 don wata sankarar jini, ya mayar da ita ciwon da ake rayuwa da shi. Amma kuɗi ya fi karkata inda aka gano gurɓatacciyar ƙwayar halittar da magani zai iya nufa, kuma farashin yakan fi ƙarfin talaka.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake ƙirgar. Sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, baƙuwa ce a Turai, amma tana cikin dajin da ya fi kama yara a tsakiyar Afirka, inda rajistar masu ciwon daji ba ta kai ga yawancin jama'a ba.