Waiwaye: yadda aka rusa Libiya aka bar mu da tarkace

Wai kun san har da ƙuri'ar Najeriya aka ba da izinin kai wa Libiya hari? Da yawa an manta. Ran 17 ga Maris 2011 ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, ƙasashe 10 suka ce eh, cikinsu akwai Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, su kuma Rasha da China da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙi kaɗa ƙuri'a. Abin da aka rubuta a takarda shi ne a hana jiragen Gaddafi tashi, a kare fararen hular Bengazi da suka yi masa bore tun watan Fabrairu. Kwana biyu tsakani jiragen Faransa suka fara ruwan wuta, kafin wata ya ƙare NATO ta karɓi ragamar yaƙin, daga nan kare farar hula ya rikiɗe ya koma sai an ga bayan mutumin.

Ni dai ba zan wanke Gaddafi ba. Shekara 42 ya yi a kan mulki, kuma bai bari wata hukuma ta yi ƙarfi ba, ba jam'iyya, ba majalisa ta gaske, sojan ƙasa ma da gangan ya raunana su ya fifita rundunonin da 'ya'yansa da na jikinsa ke riƙe da su. To wannan ai shi ne dalilin da ya kamata a yi tunani sau biyu, don duk wanda ya zare ginshiƙi ɗaya tilo ya san jinka a kansa za ta faɗo. Tarayyar Afirka ta kawo tsarin sulhu, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, Jacob Zuma, ya je Tripoli a watan Afrilu, 'yan tawaye suka ce ba sa so, masu jirage kuwa ko kallo bai ishe su ba.

Ran 20 ga Oktoba aka zaro shi daga cikin kwalbati a Sirte aka kashe shi, ran 31 NATO ta ce aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wai darasin Iraƙi ƙasashen NATO suka ɗauka. Can a 2003 Amurka ta shiga da ƙafarta, ta rusa soja, ta kori 'yan jam'iyyar Ba'ath daga aiki, abin ya cakuɗe, sai suka ce to a Libiya daga sama kawai za mu yi, ba za mu sauka ba. Sai ga shi a 2013 majalisar Libiya da kanta, bindigogi na bakin ƙofa, ta yi dokar hana duk wanda ya riƙe babban muƙami zamanin Gaddafi shiga gwamnati, wato kuskuren Iraƙi sak. Ga kuma gwamnati ta sa 'yan bindiga cikin albashi maimakon ta karɓe makamansu, to wa zai ajiye bindigar da ke kawo masa kuɗi duk wata? An yi zaɓe a 2012 ana ta tafi, wata biyu bayan nan aka kashe jakadan Amurka a Bengazi. Zuwa 2014 gwamnati biyu ce, Janar Khalifa Haftar da dakarunsa na gabas, ISIS ta kama Sirte a 2015, a 2019 Haftar ya tunkari Tripoli da taimakon Daular Larabawa da sojojin hayar Rasha na Wagner, Turkiyya ta shigo wa ɗaya ɓangaren. Zaɓen da aka sa a Disamba 2021 ba a yi shi ba.

Mu kuma fa? Mutanenmu da ke ci-rani can su suka fara ji a jikinsu, don baƙar fata kawai ta isa a ce kai sojan hayan Gaddafi ne. Suka dinga dawowa ta Dirku da Agadas a saman manyan motoci, katifu da jarkoki a ɗaure, wasu ko kuɗin aikinsu ba su karɓo ba, gidajen da suka dogara da aike suka shiga wani hali. Rumbunan makamai kuwa a buɗe aka bar su. Buzayen da suka yi wa Gaddafi yaƙi suka nufi Mali da Hilux cike da kaya, Janairu 2012 tawaye ya ɓarke, Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi. Faransar da ta fara jefa bam a Libiya ita ce ta dawo a 2013 wai kashe gobara, ta yi shekaru, ta fice daga Mali a 2022, daga Nijar a ƙarshen 2023.

Shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, ya faɗa wa ƙasashen Yamma ido da ido a taron Dakar na 2014, cewa sun sayar da kaya sun gudu ba su tsaya gyara ba. Shi ma Obama a 2016 ya amsa cewa rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Ya faɗa a hirar talabijin, a Amurka. Shekara guda bayan haka CNN ta nuna bidiyon 'yan Afirka ana gwanjonsu a kusa da Tripoli, wasu a kan dala 400.