Idan sojojin wata ƙasa suka kama ɗan Najeriya a bakin iyaka, wa zai tsaya masa?

Masunta a tafkin Chadi, makiyaya da fataken da ke ƙetara iyaka sun saba jin irin wannan labari: mutum ya fita neman abinci, sai a ce sojojin maƙwabta sun yi awon gaba da shi.

Shin sojojin wata ƙasa suna da ikon kama shi?

Ya danganta da inda ƙafarsa take lokacin kamun. In a cikin ƙasarsu ne, suna da iko, muddin dokarsu ta yarda. In kuwa su suka tsallako, to keta hurumin Najeriya ne. Sai dai ruwa ba shi da shinge. Bayan hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002 kan rikicin iyakar Najeriya da Kamaru, Najeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyukan yankin Darak da ke tafkin Chadi a Disambar 2003. Masuntan da suka bi ruwa yana ja da baya har suka kafa gidaje a can sun wayi gari baƙi a garuruwan da suka gina da hannunsu.

Me doka ta ɗora wa gwamnatin Najeriya?

Sashe na 14(2)(b) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati. Magana mai daɗin ji. Amma sashen yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika shi. Dokar ƙasa da ƙasa ma haka take: ƙasa tana da damar tsaya wa ɗanta, ba a wajabta mata ba. In ta ga dama ta yi shiru, iyalin ba su da alƙalin da za su kai wa kuka. A ganina nan gizo ke saƙa.

Shi wanda aka kama fa, wane haƙƙi gare shi?

Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ofisoshin jakadanci ya ce a gaya masa yana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, in ya nema a sanar ba tare da jinkiri ba, jami'an ofishin kuma su ziyarce shi su nema masa lauya. Najeriya tana da ofisoshi a Yawunde da Duwala na Kamaru, da Njamena ta Chadi. To amma wanda aka tsare a bariki cikin daji, aka laƙaba masa sunan Boko Haram, ba shi da ko katin ɗan ƙasa a aljihu, wa zai kai labarinsa Yawunde? Ga shi dokar yaƙi da ta'addanci ta Kamaru ta 2014 ta ba kotun soja damar yi wa farar hula shari'a.

An taɓa kai wata ƙasa ƙara kan haka?

An yi. A 1998 Gini ta maka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a Kotun Duniya saboda tsarewa da korar wani ɗan kasuwarta, Ahmadou Sadio Diallo. Ta yi nasara a 2010, aka yanke diyyar dala 95,000 a 2012. Shekara 14 ke nan. Kotun ECOWAS kuwa ba ta da hurumi kan Kamaru da Chadi, Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

To me ya fi aiki?

Matsin lamba da sulhu. Da Mali ta kama sojojin Kodebuwa 49 a filin jirgin Bamako a Yulin 2022, Shugaban Kodebuwa Alassane Ouattara bai bar maganar ta kwanta ba, Togo ta shiga tsakani, aka yi wa 46 da suka rage afuwa a Janairun 2023 duk da ɗaurin shekara 20 da aka yanke musu. Su sojoji ne, masu gata. Talaka sai danginsa sun ɗaga murya: su rubuta cikakken suna, rana da wurin kamun, su kai wa hakimi da ɗan majalisar tarayya na yankin don ya tura wa Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan su shigar da sunan a ofishin Red Cross mai cigiyar waɗanda suka ɓata.