Waiwaye: yadda motsa jiki ya shiga takardar likita, da abin da ya rage wa tsofaffin Damagaram

Shekaru da dama shawarar da ake ba mai ciwon gaɓoɓi ɗaya ce, a asibiti da a gida: ya huta, ya daina wahalar da ƙafa. Likitocin da can suna ganin gwiwa aiki ne ya cinye ta, don haka kowane taku ƙara mata lahani yake. A Damagaram tarbiyya ma ta goyi bayan haka. Tsoho ya zauna a zaure, jika ya kawo masa ruwan alwala, ya je masa kasuwa. Ladabi ne, ba mai ganin laifinsa. In sanyin ƙashi ya tsananta da hunturu sai a kira wanzami ya yi ƙaho, a shafa man kaɗanya, ko a sayi ƙwaya wajen masu talla a faranti, irin su diklofenak da ke iya cin ciki da ƙoda in an daɗe ana sha.

Bincike ne ya juya wannan fahimta. A 1992 wasu likitoci a birnin New York suka sa masu ciwon gwiwa tafiyar ƙafa ta mako takwas ƙarƙashin kulawa, zafi ya ragu, nisan tafiyarsu ya ƙaru. A 1997 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 439 masu shekara 60 zuwa sama, da aka bi har wata 18. Waɗanda suka yi tattaki ko atisayen ƙarfafa tsoka sun fi waɗanda aka yi wa bayani kawai samun sauƙi, kuma hoton ƙashi bai nuna gwiwarsu ta ƙara lalacewa ba. Dalilin a fili yake. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa, kamar soson da sai an matsa an saki yake shan ruwa. Tsokar cinya kuma ita ke tallafar gwiwa, zama kuwa narkar da ita yake.

Sai dai an lura cewa likita ya ce "Baba, a riƙa ɗan motsa jiki" ba ya kai kowa ko'ina. Mutum yana buƙatar wurin zuwa, da lokaci, da abokan yi. Shi ya sa a 1998 ƙasar Niyu Zilan ta fara rubuta motsa jiki a takarda kamar magani, Suwidin ta biyo a 2001. A 2013 Danmak ta ɓullo da shirin GLA:D na masu ciwon gwiwa da ƙugu: darasi biyu, sannan atisaye sau 12 cikin mako shida, a rukuni. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke da amosanin gaɓoɓi na lalacewar guringuntsi, kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Nijar ta bi wata hanya, kuma da hujjarta. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, don haka ɗakunan shan magani da aka gina a karkara tun 2001 zamanin Tandja Mamadou, da kulawa kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar daga 2006, duk uwa da jariri suka fuskanta. An ceci rayuka da yawa. Amma tsohuwar da ta koma sallah a zaune don sujada ta gagare ta, wadda sai ta dafa bango ta yi nishi kafin ta tashi daga tabarma, ba ta cikin wannan lissafi. Takardar turawa da muka sani sama take hawa, daga ƙaramar cibiyar lafiya, wato CSI, zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder. Wadda tsofaffi ke buƙata ita ce mai saukowa unguwa.

A ganina kayan aikin suna nan. Akwai wakilan lafiya na unguwanni, akwai ƙungiyoyin adashe irin na Mata Masu Dubara da suka faro a Maradi a 1991, waɗanda dama duk mako suke haɗuwa, akwai dattawan da ke zama ƙofar masallaci bayan asuba a Birni da Zango da Sabon Gari. Bayan asubar kuwa shi ne lokacin da ya fi dacewa, tunda a Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Kujera ɗaya ta isa a fara: a tashi a zauna sau goma, a miƙe ƙafa a riƙe, a zaga fili. Mai gashin ƙashi na asibiti ya horar da jagoran rukuni, malamin jinya ya rubuta wurin da ranar a takarda, ya kuma tambaya in mutum ya dawo. Malamin jinyar ne ma zai tantance tun farko, domin gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, ko ciwon ƙirji a lokacin tafiya, asibiti suke nema kafin a yi zancen atisaye.